Ranar da Na Wasa Takobin Koriya

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta, da wata Talata ana saura kwana uku Babbar Sallah, a wani gida da ke Mu'aither a nan Doha. Na haura hamsin, na aurar da 'ya'ya uku, na yi takaba, ban taɓa sanin akwai abin da zai hana ni ɗaga ido in kalli mutum ba. Ranar nan na sani. Abin da ya fi ƙona mini rai kuma, babu wanda zan ɗora wa laifi. Da hannuna na yi aika-aikar, da bakina na yi shelarta a gaban baƙo.

Rahila ce ta kai ni gidan. 'Yar maƙwabciyata ce tun muna Bukuru, a bayana take barci in uwarta ta tafi coci. Ta girma ta zama nas, ta riga ni zuwa Doha, ta samu aikin kula da wani dattijo Balarabe mai ciwon suga, wanda kowa a gidan ke kira Baba. Ni kuwa kamfanin shara ne ya kawo ni, bayan shekara biyu ya sallame mu gaba ɗaya, na koma ɗaki ɗaya da mata biyar a unguwar Old Airport ina kallon takarduna suna shirin mutuwa. Rahila ta je ta roƙi Baba, ta ce ta san ni tun kafin ta san kanta, in na yi ba daidai ba ita za a kama. Da wannan maganar Baba ya zama kafil ɗina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar. In ya janye hannu, sai filin jirgi.

A mota, ranar farko, ta ja mini kunne. "Anti, don Allah. Na san ki. Abin da aka sa ki, shi kaɗai za ki yi."

Na ce, "Ke Rahila, ni na wanke miki kashi. Yau ke za ki koya mini zama da mutane?"

Ta ce, "Ba zama da mutane nake jiye miki ba, Anti. Zama da kayan mutane."

Na ja mata tsaki. (Ina ma tsakin nan ya maƙale mini a wuya.)

Shi Baba ba ruwansa da raƙuman tsere, ba ruwansa da shaho kamar sauran masu hali na garin. Takubba yake tarawa, tun yana saurayi. Jikin majalisarsa, wato ɗakin karɓar baƙi, akwai wani dogon ɗaki cike da akwatunan gilashi: na Larabawa masu lanƙwasa, na Farisa, na Indiya, na Turkawa, har da na Buzaye mai kuben fata ja da kore irin wanda na saba gani a gida. Mai kula da su wani ɗan Indiya ne, Bashir, siriri, mai tafiya kamar yana tsoron kada ƙasa ta ji nauyinsa. Ba ya taɓa takobi sai da farar safar hannu. In zai ɗaga ɗaya har numfashi yake riƙewa. Ni dariya yake ba ni, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Don ni 'yar maƙera ce. Ubana maƙeri, kakana maƙeri. Da yake mu mata huɗu muka jeru kafin a samu namiji, ni ke ja wa babana zuga-zugi, ni ce kuma a kan dutsen wasi. Ana jibi Sallah layi har bakin titi, kowa da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, kuma ban taɓa barin wuƙa ta fita daga ƙofarmu ba ta aske gashin hannu ba. A gidanmu ƙarfe mai tsatsa abin kunya ne, wuƙar da ta dakushe kuwa zagi ce ga mai ita. Da zan taho Doha atamfa biyu na cire daga jaka don dutsen wasina ya samu wuri. Kafin in yi wata guda a gidan Baba na bi wuƙaƙen kicin kaf. Kuku ya yanke yatsa sau biyu, amma ya gode.

To a cikin takubban nan duka, akwai guda da ke tsaya mini a rai. Shi kaɗai ne a akwatinsa, a tsakiyar ɗaki, da fitilarsa ta kansa kamar amarya. Miƙaƙƙe ne mai baki biyu, ƙarfen ya yi baƙi kamar gindin tukunya. A jikinsa akwai wasu ɗige-ɗige da siraran layuka na azurfa da zinariya, amma duhun ya kusa haɗiye su. Ta bayan gilashi ma ina hango bakinsa, babu kaifi ko na misali. Sauran suna ƙyalli, shi da aka ba wuri na musamman ya fi kowa muni.

Na taɓa tambayar Rahila, ta maimaita mini abin da Baba ke gaya wa duk wanda ya tsaya. Wai daga Koriya yake, kuma tsofaffin takubban Koriya kaɗan suka rage a duniya. Lokacin da Japan ta mulki ƙasar an ƙwace makamai da yawa, wasu aka narka, wasu aka kwashe. Yaƙi ya biyo baya ya cinye mafi yawan abin da ya saura. Wanda ya tsira, ko dai binne shi aka yi, ko aka tsallaka teku da shi. Shi ya sa masu tarawa ke rawar jiki a kansu, shi ya sa kuma na jabu suka fi na gaske yawa a kasuwa. Baba ya yi shekaru yana bin wannan ɗin kafin ya zo hannunsa.

Na ce, "Duk wannan daraja, shi ne aka bar shi da dauɗa haka?"

Ta ce wani abu. (Ita har yau tana rantsuwa ta yi mini cikakken bayani a nan. Mai yiwuwa ne. Ni dai na san a lokacin ina ba ta labarin yadda babana ke fitar da tsatsa, kuma ba na iya magana da saurare lokaci guda.)

Da tsufa ya kama Baba sosai, sai ya yanke shawarar mayar da takobin ƙasar da ya fito, ya ba wani gidan tarihi a can. Ya ce yana so ya yi abu ɗaya mai kyau da hannunsa kafin 'ya'yansa su yi gwanjon ɗakin. Su kuma mutanen can ba sa karɓar abu da ka, suka ce za su turo masani ya duba ko na gaske ne. Sunansa Mista Han, kuma ranar Talatar nan da la'asar zai zo.

Da safen ina bayan kicin, gindin tankin ruwa, ina wasa wuƙaƙen layya. Hannuna ya ɗau zafi, na gama manya na gama ƙanana, har almakashin ɗinkin uwargida na bi, ina neman abin da zan ƙara. Sai Baba ya tara mu. Larabcina na kasuwa ne amma na gane shi sarai. "Yalla, komai ya yi tsaf. Mutumin nan saboda takobi ɗaya ya hau jirgi. Kada ya ga abin da zai raina mu."

Bashir ya fitar da takobin daga gilashi, ya kwantar da shi a tebur a kan wani lallausan ƙyalle, ya rufe shi da wani, sannan ya bi direba unguwar Al-Sadd ɗauko baƙo daga masauki. Ni aka tura in goge ƙasa in sa turaren wuta.

Na goge ƙasa. Na sa turare. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labari.

A gefen tebur akwai ɗan kati da Turanci. Sai da na kai arba'in da ɗaya na shiga ajin yaƙi da jahilci, tare da matan da na haifi kamarsu, kuma tun da na iya haɗa baƙi ba na wuce rubutu ban karanta ba, ko na jikin buhun shinkafa ne. Na ɗauki katin. Layi na farko ya ce takobin kariya ne, sarki ke ba manyan fadawansa. Layi na biyu ya ce ya yi shekaru ɗaruruwa. Layi na uku dogayen kalmomi ne masu kama da taliya, na ce wannan ba da ni ake ba, na ajiye.

Na yaye ƙyallen. Na sa babban yatsa na shafa bakin. Wallahi cokalin shayi ya fi shi kaifi. Sai na tsaya ina lissafi irin na mai hankali: takobin kariya, na sarki, shekaru ɗaruruwa ba a samu ɗan halak ɗaya da ya kai shi kan dutse ba. Mutum zai taso tun daga Koriya ya tarar da kayan kakanninsa a haka, ya koma gida ya ce Larabawa da 'yan aikinsu ƙazamai ne. Ga Bashir, wata takwas ina kallonsa yana shafa shi da auduga kamar mai renon jariri, bai taɓa fitar da ko ɗigon baƙin nan ba. Baba ya rufa mini asiri lokacin da ba ni da kowa. Na ce yau zan rama masa.

Na naɗe shi na fita da shi ta ƙofar baya. Na debo toka daga kaskon turare, na yanka lemun tsami biyu, na zauna a inuwar tanki na miƙe ƙafa. Daga tsini na fara. Shafa uku, huɗu, baƙin ya fara sauka, farin ƙarfe ya leƙo. Ban san lokacin da na ce masa, "Ka gani? Dama wanka kake nema." Na ga wasu 'yan zare masu ƙyalli a jikin tsumman, siraran gaske kamar gashin ido. Na kuma ga biyu daga cikin ɗige-ɗigen nan na kusa da tsini sun zama 'yan ramuka. Na gani, ba zan yi ƙarya ba. Na ce dauɗa ce ta fita, na hure su.

Sai dutse. Na yayyafa ruwa, na kwantar da bakin, na fara ja a hankali kamar yadda aka koya mini. Abin da ya ba ni mamaki, ƙarfen ba shi da tauri ko kaɗan, dutse na cin sa kamar sabulu. Har na yi wa maƙerin da ya ƙera shi faɗa a raina, na ce ko wane ne, aikin gaggawa ya yi, ya ci amanar sarki. (Mutumin da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana, na zauna gindin tanki ina gyara masa aiki.)

Zafin Doha ba ya barin mutum ya yi abin kirki da rana. Kafin in ankara an kira azahar, na yi salla, na dawo, na samu tsawon tafin hannuna kawai na gama, gefe ɗaya. Amma wane irin gamawa. Na ɗauko tumatir daga kicin na ɗora bakin a kai, ban danna ba ya ratsa. Ina cikin jin daɗi na ji ƙarar ƙofar gida tana buɗewa. Na yi maza na shafe shi da man zaitun, na mayar da shi tebur, na rufe da ƙyalle yadda na same shi. Na so abin ya zo musu ba zato. Ta wannan fannin dai na yi nasara.

A ƙa'ida ba mace ke kai gahawa majalisa ba, amma mai kaiwar ya tafi hutun Sallah, sai aka ce in kai. Na canza mayafi. Na shiga da tire, gahawa da dabino, na tarar da Baba a keken guragunsa, Rahila tsaye a bayansa, babban ɗansa Nasir a gefe yana latsa waya. Mista Han ɗan gajeren dattijo ne mai furfura, yana sunkuya wa kowa, har ni ya sunkuya wa, abin da ya sa na ji ya kwanta mini nan take. Bai sha gahawa ba. Ya wanke hannu, ya sa safa, ya rufe baki da hanci don kada numfashinsa ya taɓa ƙarfen. Na ce a raina, wani Bashir ɗin ne.

Bashir ya yaye ƙyalle.

Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai na'urar sanyi. Ni na ɗauka shirun mamaki ne, irin wanda ake yi in an buɗe fuskar amarya. Na gyara tsayuwa. Mista Han ya sunkuya da gilashin ƙara girma, ya daɗe a kan wurin da na yi aiki, ya daɗe ƙwarai. Sannan ya ɗago, da wata murya ƙasa-ƙasa ya yi tambaya da Turanci mai sauƙin da ko ni na gane.

"Wa ya yi wannan?"

Na dubi Bashir. Ya buɗe baki zai yi magana. Sai zuciyata ta ce mini: kin gani ko, zai ce shi ne. Wata takwas yana yawo da safar hannu bai tsinana komai ba, yau zai ci guminki a gaban baƙo. Ni kuwa a rayuwata ba a taɓa cin gumina ina tsaye ba. Na dire tiren a tebur har kofuna suka yi ƙara, na matsa gaba, na dafa ƙirji.

"Ni ce."

Na faɗa da Larabci. Na sake faɗa da Turanci, kada wani ya ce bai ji ba.

Rahila ta ce da Hausa, a hankali, "Anti, yi shiru."

"Ba zan yi shiru ba. Gaya masa ni ce. Ki kuma gaya masa ban gama ba, lokaci ne ya ƙure mini. In zai bar shi zuwa jibi, zan yi masa ɗaya gefen har ƙota."

"Anti, na roƙe ki da girman Allah."

"Ki gaya masa har tumatir na yanka da shi."

Baba ya juya ya tambayi Rahila me nake cewa. Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba. Ta fassara, kalma bayan kalma, har tumatir ɗin. Mista Han ya ja kujera ya zauna. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. A nan ne na fara shan jinin jikina, don na san fuskar mai murna, kuma wannan ba ita ba ce.

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Yana faɗa, Rahila na juya mini. Ya ce mutanensu na dā suna lissafin lokaci da dabbobi goma sha biyu, shekara da dabbarta, wata da dabbarsa, haka rana, haka sa'a. Irin wannan takobin ba a ƙera shi sai shekarar damisa, a watan damisa, ranar damisa, cikin sa'ar damisa. Shekarar kanta sai bayan sha biyu take zagayowa, sa'ar kuma ba ta jiran kowa. Ba don yanka aka yi shi ba. Ratayawa ake yi, don a ganinsu yana korar sharri daga gida. Tun ranar da ya fito daga wuta ba a taɓa wasa shi ba, kuma haka ake so ya kasance. Ɗige-ɗigen nan taurarin sama ne aka dasa da zaren azurfa, ɗaya bayan ɗaya, yanzu biyu sun tafi. Baƙin da na kira dauɗa kuwa, shi masana ke dubawa su san shekarun ƙarfe, shi ne abin da masu jabu suka kasa kwaikwaya.

Rahila ta ci gaba, "Ya ce takobin nan ya tsallake mulkin mallaka, ya tsallake yaƙi, ya tsallake teku." 

Na ce, "Sai me?"

"Bai ƙarasa ba, Anti."

Bai buƙaci ƙarasawa ba. Kowa a ɗakin ya san abin da bai tsallake ba, ga ta nan tsaye da sabon mayafi.

Mai hankali a nan zai rufe baki. Ni sai na ji bakina yana cewa, "To in haka ne me ya sa ba a rubuta ba?" Bashir ya matso. Ya ɗauki katin nan da safarsa, ya miƙo mini, ya ɗora yatsa a kan layi na uku.

Nasir ne ya fara magana. Ya ce khalas, magana ta ƙare, gobe a yanka mini tikiti, kuma nas ɗin da ta kawo ni ita ma ta fara haɗa kayanta. Na dubi Rahila. Yarinya mai ƙanne huɗu a makaranta, uwarta na fama da hawan jini, ta tsaya mini da sunanta, ni kuma na saka mata da lemun tsami. Ba ta ko kalle ni ba.

Baba ya ɗaga hannu, amma kafin ya ce wani abu Mista Han ya miƙe da sauri. Ya ce a bar maganar kora tukuna, tsamin nan yana nan yana cin ƙarfen har yanzu, dole ya san duk abin da na sa. Haka na koma bayan kicin na kwaso kayan laifina na jera a kan kafet ɗin majalisa: dutsen wasi, kaskon toka, ɓawon lemu huɗu, kwalbar man zaitun, tsumma. Ya tambayi tumatir. Na koma na ɗauko tumatir. Ya ɗauki hoton kowanne, ɗaya-ɗaya, da ɗan ma'auni a gefe. Ya wanke wurin da wani ruwa daga jakarsa, yana yi yana sauke ajiyar zuciya.

Sannan ya ce in nuna masa yadda na yi. Aka kawo wuƙar kicin. Ni, uwar wasu, kakar wasu, na tsuguna a tsakiyar majalisar Larabawa, maza na kallo, ina jan wuƙa a kan dutse. Mista Han ya tsuguna kusa da ni yana duba hannuna. Da na gama ya faɗa wa Rahila wani abu.

"Ya ce hannunki ba ya rawa. Daga farko har ƙarshe ba ki sauya kwanciyar bakin ba. Wai mutane kaɗan ya taɓa gani masu irin wannan hannun."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Da ya zage ni da na san abin da zan mayar masa.

Bai ƙare a nan ba. Ya ce a kai shi inda na zauna. Dattijo da kwat ɗinsa ya durƙusa gindin tankin ruwa cikin zafin nan, ni da Bashir muka durƙusa tare da shi, muna bin siminti da ido muna neman taurari. Guda muka samu, ɗan zare maƙale a bakin magudana. Ya ɗauke shi da hantsaki ya sa a 'yar kwalba. Ɗayan yana can cikin lambatun Mu'aither, ko iska ta kai shi gidan maƙwabta.

Kafin baƙo ya tafi na je gaban Baba. Na haɗa Larabcin da nake da shi duka na ce Rahila ba ta da laifi, ta gargaɗe ni, ni ce ba na ji. In kora ce, ni kaɗai a kora.  Ya ce ba zai yanke komai ba sai ya ji daga Koriya. In sun karɓi takobin, za a duba. In sun ƙi... Bai ƙarasa ba, sai ya juya keken ya bar ni a wurin.

Ban taɓa yin Sallah mai tsawo irin wannan ba.  Tsakanina da Rahila ina kwana ce kawai, ita ma a taƙaice. Mahaucin da ya zo yankan layya yana ta tambaya wa ya wasa wuƙaƙen nan, bai taɓa samun irinsu a gidan kowa ba, ni kuwa na shige ɗakin wanki na rufo ƙofa har ya tafi. Bashir bai taɓa ce mini komai a kan maganar ba, ko sau ɗaya. In mun haɗu sai ya gaishe ni da ladabi fiye da dā. Wannan ma wata azaba ce, don ban san yadda ake faɗa da mai ladabi ba.

Bayan sati uku saƙo ya zo. Baba ya sa aka kira ni, Rahila na riƙe da takardun. Sun tabbatar na gaske ne, kuma za su karɓa. Amma ba za su gyara wurin ba, wai gyaran zai ƙara cin ƙarfen. Haka za a bar shi, fari fat tsawon tafin hannu, da kaifi gefe ɗaya, da ramukan taurari biyu. Kuma kowane tsohon kaya a wurinsu yana da kundin abin da ya same shi tun daga farko, don haka an rubuta cewa a Doha wata ma'aikaciyar gida ta goge shi da toka da lemun tsami, ta wasa shi a dutse. Rahila ta juyo mini shafin. Ga dutsena. Ga tumatir.

Baba ya ce, "Hajiya, ni na ba da takobi, layi ɗaya aka ba ni. Ke shafi guda aka ba ki, har da hotuna."

Rahila ce ta fara fashewa da dariya, irin wadda ke zuwa da hawaye, har ta dafa keken. Ni ban yi ba. Ban ga abin dariya ba a lokacin, yanzu ma rabi nake gani.

An bar ni a aiki, an bar Rahila. Sharaɗi ɗaya Nasir ya kafa, kuma washegari kafinta ya zo ya cika shi: aka sa wa ɗakin takubba sabon makulli. Bashir na da mabuɗi, Rahila na da shi, kuku na da shi, har direban da bai san takobi daga lauje ba an ba shi. Ni in za a goge ƙasan ɗakin, sai in miƙa tsumma daga bakin ƙofa, wani ya shiga ya goge, ba kuma ya gogewa da kyau, ina kallo ba halin magana.

Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi. Ba rashin iya aiki ne ya kai ni ba, iyawar ce. Da hannun banza ne da ni, da ɗan karcewa kawai zan yi in gaji. Yanzu in na ga abu ya tsufa ya yi baƙi, mutane na kewaye shi a hankali, tafin hannuna kuma ya fara ƙaiƙayi, sai in nemi wuri in zauna a kan hannun har ya huce. In kuwa na ji an tambaya da sanyin murya, "Wa ya yi wannan?", ko masallaci na gina, sai na ga haƙoran mai tambayar tukuna kafin in ce ni ce.